Afuwa ga Tsofaffin Fursunoni

Afuwa ita ce ikon da doka ta ba mai mulki ya yafe wa wanda kotu ta hukunta, ko ya rage masa hukunci. Ba ɗaukaka ƙara ba ce, kuma ba ta nuna cewa mutumin bai yi laifi ba. Sashe na 175 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Shugaban Ƙasa wannan iko a kan laifofin dokar tarayya, sashe na 212 kuma ya ba gwamna a kan laifofin dokar jiha. Saboda haka, idan dattijo daga Cheberu yana ɗaurin rai da rai a Birnin Kebbi a kan kisan kai, roƙon iyalinsa wurin gwamnan Kebbi zai tafi, ba Abuja ba. Gwamnan kuma yakan nemi shawarar kwamitin afuwa na jiha kafin ya sa hannu.

Tsufa yana cikin dalilan da ake dubawa. A watan Afrilu 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin Shugaba Buhari ta sanar da afuwa ga fursunoni 2,600, aka sa masu shekara 60 zuwa sama da marasa lafiya cikin waɗanda suka cancanta. A 2019 an saki Celestine Egbunuche daga kurkukun Enugu yana da shekara 100, bayan gwamnan Imo ya yi masa afuwa. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 kuma ta ba Babban Alƙalin jiha damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai, idan mutum ya gama ɗaukaka ƙara, ya kuma shekara 10 ba a zartar ba.

A 2 Sarakuna 25:27-30, Ewil-merodak ya fitar da Yehoyakin daga kurkukun Babila a shekara ta 37 ta bautarsa. Ya hau sarauta yana da shekara 18, ya fito yana kusan 55. Marubucin bai tsaya a kan buɗe ƙofa ba. Ya ambaci sake tufafi, da wurin zama a teburin sarki, da abincin kowace rana har mutuwarsa. A ganina, nan ne muke kasawa. Tsohon da ya shekara 25 a ɗaure yakan tarar an raba gonarsa, matarsa ta rasu ko ta sake aure, 'ya'yansa suna jin kunyar sunansa. Kafinta ko ɗinkin da ya koya a ciki ba su da amfani sosai ga mai ciwon ido da rawar hannu.

Ikilisiyar da ke son taimakawa sai ta fara tun kafin a sake shi: a nemo takardun hukuncinsa da shaidar likita, a san ɗakin da zai kwana da wanda zai ciyar da shi. Dattawa kuma su je wurin iyalin wanda aka cuta tukuna. Sa hannun gwamna ba ya share musu hawaye, kuma bai kamata su fara jin labarin sakin a kasuwa ba.