Duhun Ɗaki da Hasken Jere: Waiwaye a Kan Adon Bango a Unguwar Sabo ta Ibadan

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wani yayi ya shigo mana na shafa wa bangon ɗaki fenti mai duhu, wato baƙi-baƙi, ko kore mai cizawa, ko shuɗi mai turuwa. Da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka cewa daga Turai aka zo da shi, tun da a hotunan intanet suka fara ganinsa. Masu iya magana kuwa sun ce waiwaye adon tafiya. Manufar wannan maƙala ita ce mu nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin ɗaki mai duhu, kuma yana da dalilansa na yin haka, sa'an nan mu bi sawun wannan al'ada zuwa unguwar Sabo ta Ibadan domin mu ga abin da ya biyo fatake da abin da aka baro a gida.

Asalin Duhun Ɗakin Bahaushe

A birane irin su Kano da Zariya da Katsina, launin bango daga kayan gini yake fitowa. Idan magina sun gama ɗora tubali sun yi yaɓe, sai a nemi makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa har ruwansa ya rine. Wannan ruwa yakan ƙara wa ƙasa ƙarfi, ya hana ruwan sama cin ta, ya kuma bar ta da launin ja mai duhu. Masu hali kan yi amfani da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, shi ma launinsa toka-toka ne mai duhu. Daɓen ƙasa kuwa aikin mata ne na gayya, inda sukan bugi tsakuwa da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba ko na bagaruwa har daɓen ya yi baƙi yana sheƙi. Idan aka haɗa wannan da ƙanƙantar taga da hayaƙin fitilar aci-bal-bal, sai a sami ɗaki mai duhu da sanyi ko da a tsakiyar bazara.

To, amma duhun ba shi kaɗai yake tafiya ba. A jikin wannan bango ne uwar ɗaki take yin jerenta na ƙore da faya-fayai da tasoshin tagulla, daga baya kuma kwanuka da fantekoki da langogi. Ɗan hasken da ya shigo ta ƙofa sai ya faɗa a kan jeren, duhun bangon kuma ya fito da shi sarai.

Kafuwar Sabo

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Ibadan daga Ikko a 1901, ta kuma isa Kano a 1911. Wannan ya bunƙasa fataucin shanu daga Arewa zuwa Kudu da na goro daga Kudu zuwa Arewa, Hausawa suka yawaita a Ibadan, har a 1916 hukuma ta keɓe musu wuri kusa da Mokola, wanda shi ne Sabo. Ginshiƙin unguwar shi ne fatoma, wato maigidan da ke saukar da baƙin fatake, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillalai, ya kuma tsaya musu idan an sayar da kaya bashi. Saboda haka arzikin mutum a Sabo ya rataya ne a kan yawan ɗakunan da zai iya saukar da baƙi a ciki.

A nan ne gini ya sake kama. Daminar Ibadan takan kai wata bakwai, alhali ta Kano ba ta cika wuce huɗu ko biyar ba. Rufin soro na azara da laka ba ya jure irin wannan ruwa, don haka dole aka rungumi rufin kwano irin na sauran gidajen garin. Da siminti ya wadata, musamman bayan masana'antar Ewekoro ta fara aiki a 1960, sai shafen siminti da fentin kanti suka samu gindin zama. Ɗorawa kam akwai ta a ƙasar Yarbawa, da ita suke yin daddawarsu mai suna iru, sai dai makuba abokiyar ƙasa ce, ba ta da aiki a kan siminti.

Ɗakin Mace a Sabo

Duk da haka ɗakin bai yi haske ba. Filin unguwar ƙayyadajje ne, jama'a kuwa suna ƙaruwa, ana ta tsarga ɗaki a bayan ɗaki, ga kuma kulle wanda bai yarda da faffaɗar taga mai kallon titi ba. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya yi bincike a Sabo a 1962 da 1963, lokacin da mazaunanta suka ɗan haura 4,000, ya kuma fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. A ciki ya bayyana yadda matan kulle suke sana'ar abinci daga cikin gida, yara suna yi musu talla, ribar kuma tana ƙarewa wajen sayen tasoshi masu ruwan tagulla, ƙirar tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya, waɗanda ake gwamawa ɗaya bisa ɗaya har kusa da rufi. Da yawan tasoshin ake auna darajar mace a cikin 'yan'uwanta, su ne ajiyarta ta ranar buƙata, kuma da su take yi wa 'yarta kayan ɗaki.

Idan muka lura, abin da ya ƙetare Kwara ya zo Sabo shi ne tsarin adon, wato bango mai duhu da ƙarfe mai ƙyalli a gabansa. Makuba da laso an baro su a Arewa, amma idon da ya saba da su ya biyo mai shi. Wataƙila ma shi ya sa fentin mai, kore ko ruwan ƙasa, da akan shafa wa rabin bango na ƙasa domin ɓoye dauɗar hannu da jingina, bai zame wa Bahaushe baƙon abu ba.

Kammalawa

Mai sha'awar yayin yau ya kamata ya san bambancin da ke tsakanin duhun jiya da na yanzu. Sanyin ɗakin kakanninmu daga kaurin bangon ƙasa yake zuwa, don haka baƙin fenti a kan siririn bulo ƙarƙashin kwano ba zai kawo shi ba, sai dai ya ƙara buƙatar fitila a ranar da aka ɗauke wuta. Haka kuma magabata ba su taɓa barin bango mai duhu tsirara ba, kullum akwai abin da ke mayar da haske a jikinsa, kuma wanda ya cire jere ya bar duhun ya ɗauki rabin al'adar ne kawai.

Abin da ya fi damunmu shi ne, kabad da kayan tangaran sun kore tsohon jere, matan da suka ga zamanin da Cohen ya bayyana kuwa saura kaɗan, kuma sun manyanta ƙwarai. Muna kira ga ɗaliban Hausa da su shiga Sabo su zauna da waɗannan iyaye, su tambaye su sunan kowace tasa da yadda ake jera ta da kuma launin bangon da aka jera ta a kai, su rubuta tun suna da rai.