Daga Jaji Zuwa Takardar Shaida: Matsayin Dattijuwa a Tarihin Koyarwa a Ƙasar Hausa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna cewa ware dattijuwa daga aikin koyarwa ba tsohuwar al'adar Hausawa ba ce, abu ne da ya shigo tare da makarantar boko.

Idan aka waiwayi Daular Sakkwato, za a tarar Nana Asma'u 'yar Shehu (1793-1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru wajen shekarun 1830. A wannan tsari, jaji, watau shugabar ayari, dattijuwa ce. Akan naɗa ta da malfa da jan rawani, ta jagoranci matan ƙauyuka zuwa wurin Asma'u, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde, sannan su koma su koyar. Kamar yadda Jean Boyd ta nuna, masu wannan tafiya yawanci 'yan mata ne da ba su yi aure ba, da kuma matan da suka daina haihuwa. Dalili kuwa a fili yake: matar aure tana kulle, amma dattijuwa tana da 'yancin fita, ana kuma jin maganarta. Ke nan tsufa shi ne takardar shaidarta. (Abin lura, malfar nan a dā alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori.)

Zuwan Turawa ya juya wannan ma'auni. Makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa, Kano (1909), da Kwalejin Katsina (1922) duk na yara maza ne. Sai a 1930 aka buɗe wa 'yan mata makarantu a Kano da Katsina, a 1939 kuma aka kafa makarantar horar da malamai mata a Sakkwato. Duk waɗannan ƙuruciya suke nema. Namijin da ya manyanta yana iya samun gurbi a En'e, ko a alƙalanci ko a malanta, da iliminsa na Larabci. Takwararsa mace kuwa ƙofa biyu aka rufe mata, ta jinsi da ta shekaru.

Haka aka yi wa ungozoma da aka ɗora aikin karɓar haihuwa a kan takardar asibiti.

Ko da Shirin Ilimin Firamare Kyauta na 1976 ya zo da ƙishirwar malamai, matasa aka kwasa aka yi wa horon gaggawa. Modibbo ko malamar da ta shekara talatin tana karantar da yara allo a cikin gidanta ba ta shiga lissafi ba, alhali ita ce iyaye suka fi amince wa 'ya'yansu mata. Wannan babban kuskure ne, domin a daidai lokacin ne ake kukan iyaye sun ƙi sakin 'ya'ya mata zuwa boko.

Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, aka buɗe wa mata azuzuwa. Dattijuwa ta samu shiga, amma a kan bencin ɗalibai.