Turabulus a Idon Bahaushe

A yau manyan jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido kan ya da zango a Malta da Marsel, fasinjoji su sauka su kewaya ganuwa da kasuwanni, su koma jirgi kafin magariba. Mu kuwa a Bauci, labarin Bahar Rum ta wata hanya dabam ya iso mana.

A shekarar 1934 aka buga Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, lokacin yana koyarwa a makarantar Midil ta Bauci. Mai ba da labarin mazaunin Rauta ne, nan kusa da mu. To, amma ina mahaifiyarsa ta ƙare? A Turabulus, bakin teku, cikin bauta, bayan an bi da ita ta Murzuk. Wannan ba ƙage ne zalla ba. Can ayarin Kano ke sauke fatu da hauren giwa da gashin jimina, har da 'yan Adam, cinikin da bai mutu nan take ba ko da Daular Turkawa ta haramta shi a 1857.

Wanda ya ga garuruwan nan da idonsa shi ne Dorugu, yaro 'yantaccen bawa daga ƙasar Damagaram, kuma a ganinmu ba a ba shi haƙƙinsa ba a tarihin adabinmu. A 1855 ya shiga jirgi a Turabulus tare da Barth, wato Abdulkarim, suka ratsa Malta da Marsel har Landan. Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa, ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo, ya rasu a Kano a 1912.