Yadda Aka Gano Abin Da Ke Tsirar Da Jijiyoyin Jini

Wanda duk ya taɓa kawo gyambo ɗakin shan magani, ya ga wani jan nama mai laushi da ke tasowa cikin miki in ya kama hanyar warkewa. Da an taɓa shi sai jini. To, wannan jan naman cike yake da sabbin jijiyoyin jini, ƙanana ƙwarai, masu kai wa wurin abinci da iska. Kada ku kankare shi, kada kuma ku barbaɗa masa toka ko ƙasa. Yau za mu ba ku labarin yadda aka san abin da ke kiran jijiyoyin nan su tsiro.

Tun cikin 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya nuna jini kewaya jiki yake yi. Cikin 1661 Malpighi, mutumin Italiya, ya ga ƙananan jijiyoyin da madubin likita a huhun kwaɗo. Amma me ke sa sababbi su fito, wannan aka daɗe ba a sani ba.

Sai 1971, wani likitan fiɗa na Boston a Amurka, Judah Folkman, ya ce ƙullutun ciwon daji ba ya iya wuce girman ƙwayar gero sai ya jawo wa kansa jijiyoyin jini, kamar yadda mai lambu ke fasa hanya ya jawo ruwa zuwa fangalinsa. Ya ce lalle akwai wani abu da ƙullutun ke fitarwa ya kira su. Masana da yawa ba su yarda ba, don ya faɗi abin, bai kuwa iya nuna shi ba.

Wani masani na Jami'ar Harvard, Bert Vallee, da mutanensa suka duƙufa nema, wajen shekara goma. Suka riƙa renon ƙwayoyin dajin hanji na mutum cikin kwalabe, suna tace ruwan. Cikin 1985 suka sami ɗan abin da bai cika ido ba. Suka ɗiga shi a tantanin ƙwan kaza mai ɗan tsako ciki, sai jijiyoyi suka nufo wurin. Suka sa shi a gilashin idon zomo, inda ba jijiyar jini ko ɗaya, nan ma suka tsiro. Aka sa masa suna anjiyojenin.

Shi wannan abu enzayim ne, watau irin sinadaran jiki masu gaggauta aiki, 'yan'uwan wanda ke cikin yawu yana narkar da tuwo. Abin mamaki, aikinsa na yanka ba shi da ƙarfi, amma in aka kashe wannan ɗan ƙarfin, ba ya tsirar da jijiya sam. Daga baya aka same shi cikin jinin masu lafiya, har da madarar shanu. Ashe ba na ciwon daji kaɗai ba ne, kayan aikin jiki ne ciwon ke ara. Don haka, in kun ji ƙullutu a nono ko a wuya yana ƙaruwa, ko da ba zafi, ku nuna wa malamin asibiti da wuri.

Cikin 1989 Napoleone Ferrara ya ware wani mai kiran jijiyoyin dabam, kuma a kansa aka yi maganin da Amurka ta yarda da shi cikin 2004. Ba ya warkarwa shi kaɗai, haɗa shi ake yi da waɗansu magunguna. Folkman ya ga haka da idonsa, ya rasu cikin 2008.