Tarihin Command & Conquer: Yadda Gem Ɗin Kwamfuta Ya Koma Waya, Masoyansa Suka Fusata

Yau ba koyon saitin waya za mu yi ba, ɗan tarihi za mu taɓa. Amma ka daure ka karanta har ƙarshe, domin labarin ya shafi aljihunka, musamman in kana cikin masu sauke gem daga Play Store.

Wataƙila ka taɓa ganin gem mai tsohon suna a waya, ka sauke da murna, ka buɗe ka tarar ba abin da ka sani ba ne. To, ba kai kaɗai ba ne. Babban misalin wannan shi ne Command & Conquer.

A shekarar 1992 wani kamfani a birnin Las Vegas na Amurka mai suna Westwood Studios ya fitar da Dune II. Shi ne ya kafa tsarin da gem ɗin dabarun yaƙi suka bi daga baya: ka gina sansani, ka tara arziki, ka haɗa sojoji, ka kai hari, kuma abokin gaba ba ya jiran ka gama shiri, kana yi yana yi. A 1995 suka fitar da Command & Conquer, inda ɓangarori biyu, GDI da Nod, ke rikici kan wani ma'adani mai suna Tiberium. A 1996 Red Alert ya biyo baya. Sau ɗaya kake biyan kuɗi, ka karɓi faifai, shi ke nan gem ya zama naka. Wanda ya fi dabara da saurin hannu a kan maus da kibod shi ke cin wasa.

A 1998 kamfanin Electronic Arts, wato EA, ya sayi Westwood, a 2003 kuma ya rufe shi. Duk da haka sunan bai mutu ba. Generals ya fito a 2003, Tiberium Wars a 2007, Red Alert 3 a 2008. Matsala ta fara ne a 2010 da Command & Conquer 4, wanda aka cire masa gina sansani irin na da, abin da mutane suka fi so. Sai aka yi alƙawarin sabon Generals, shi ma aka soke aikin a 2013. Daga nan tsit kake ji.

Ka ƙaddara kai ne ka shekara takwas kana jiran cigaban abin da ka taso da shi. A watan Yunin 2018, a taron EA Play, aka hau dandamali aka ambaci sunan Command & Conquer. Me aka nuna? Command & Conquer: Rivals, gem ɗin waya na Android da iPhone. Mutum biyu ne ke karawa a ɗan ƙaramin fili, a 'yan mintoci an gama, kowa na ƙoƙarin riƙe wuraren da ke ba shi ikon harba makami mai linzami kan sansanin ɗan'uwansa. Bidiyon tallarsa a YouTube ya sha dannan "ban so" ba kaɗan ba. A Disamban shekarar aka sake shi ga kowa.

Maganar gaskiya, Rivals ba shirme ba ne. Wasu da suka buga sun ce akwai dabara a ciki. To me ya kawo fushin? Na farko, sunan. An ɗauki sunan da mutane ke girmamawa an liƙa wa wani abu daban, alhali abin da suke roƙo ba a ba su ba. Na biyu, hanyar samun kuɗi. Saukewa kyauta ne, amma ƙarfin sojojinka yana ƙaruwa ne da katunan da kake tarawa, wanda ya biya kuma ya fi saurin tarawa. Ka ga ke nan aljihu ya shigo fagen da a da dabara ce kaɗai ke magana.

Kuma dama mutane ba su manta da 2014 ba. A shekarar ce EA ta kawo Dungeon Keeper na 1997 zuwa waya. A tsohon, haƙa ƙasa abu ne na 'yan daƙiƙu. A na waya, akwai wurin da sai ka jira kwana guda cur, sai dai in za ka biya a gaggauta maka. Abin ya kai hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana wata tallarsa, ta ce tana ɓatar da mutane kan batun kyauta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Za ka ce, to me ya sa kamfanoni ba sa daddara? Lissafi ne. Masu waya sun ninka masu kwamfutar gem nesa ba kusa ba. Clash of Clans da Supercell ta fitar a 2012 ya nuna musu cewa gem na kyauta mai sa jira yana iya kawo kuɗi na fitar hankali. Sannan tsohon suna talla ce da ba sai an kashe mata da yawa ba. Akwai kuma matsalar waya kanta: jan ragamar sojoji hamsin da yatsa a ƙaramin sikirin ba wasa ba ne, shi ya sa ake rage komai. Ko Age of Empires Mobile da ya fito a Oktoban 2024 ya sha irin wannan ƙorafi, cewa suna ne na da, salon wasa kuma na jira da biya.

Sai dai ƙorafin bai tafi a banza ba. A ƙarshen 2018 EA ta sanar za ta sabunta tsoffin gem ɗin na kwamfuta, ta ba kamfanin Petroglyph aikin, wanda tsoffin ma'aikatan Westwood ne suka kafa shi. A Yunin 2020 Command & Conquer Remastered Collection ya fito, masoya suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Kar kuma ka ɗauka waya ce ba ta iyawa. Kamfanin Feral Interactive ya kawo Rome: Total War da Company of Heroes waya a cikakkensu, ka biya sau ɗaya ka buga abinka.

Saboda haka, duk lokacin da ka ga tsohon suna a Play Store, kar ka yi saurin ƙona datarka. Duba sunan kamfanin da ya yi shi. Duba ko an rubuta "In-app purchases" a kusa da maɓallin saukewa. Karanta ra'ayin waɗanda suka ba shi tauraro biyu ko uku, su ne suka fi faɗin gaskiya. Sannan ka kalli bidiyon yadda ake buga shi a zahiri, ba bidiyon talla ba. In yara na taɓa wayarka, sa Play Store ya riƙa neman kalmar sirri ko zanen yatsa kafin kowane saye.

Allah Ya sa mu amfana.