Bindiga da Ƙa'ida: Me Ya Hana Harbi Zama Wasa a Ƙasar Hausa?

Bahaushe mutum ne mai son gasa. Da wuya a sami wani abu da yake yi da ƙarfi ko da gwaninta wanda bai buɗe masa fage ba: ga dambe, ga kokawa, ga langa, ga sukuwa, ga hawan ƙaho na mahauta. Amma bindiga, wadda ta kusa shekara 300 a ƙasar nan, ba ta taɓa samun fagen da za a jera mutum biyu a ce su auna bara a ga gwani ba. A wasu ƙasashe kuwa harbi wasa ne mai alƙalai da littafin dokoki, har da lambar zinariya. Abin da nake so in bincika a nan shi ne dalilin wannan bambanci, kuma a ganina amsar tana cikin irin ƙa'idojin da aka ɗora wa makamin, can da nan.

Bari mu fara da gida. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka shigo da bindigogi daga ƙasar Nufe. Babba Zaki kuma, daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga su zama masu tsaron lafiyarsa. Barno ta riga mu, domin tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma yana da Turkawa masu koya wa mayaƙansa harbi. Mai karatu ya lura da wani abu a labarin Babba Zaki: tun ranar da bindiga ta sami gindin zama a ƙasar Hausa, a fada ta same shi. Kwari da baka na kowa ne, manomi yana da nasa, maharbi yana da nasa. Bindiga kuwa tana bukatar albarushi da harsashi da ƙanƙara, kuma duk waɗannan sai ta hannun fatake, fatake kuwa sai da yardar sarki. Saboda haka sarakunan ƙarni na 19 suka riƙa damƙa ta a hannun bayinsu, waɗanda ba su da dangin da za su yi wa sarki tawaye da su. Sarkin Damagaram Tanimu ya wuce nan, har igwa ya sa maƙera suka zuba masa a Zinder.

Mu mutanen Ƙofar Guga ba sai an ba mu labarin amfanin ganuwa ba. Ƙofar tamu ita ce ke duban hanyar Jibiya, watau ɓangaren da ya nufi Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Katsina na dauri suka kafa sabon gari bayan jihadi ya fitar da su a 1807. Daga can ne aka yi ta kawo hari ƙasar Katsina kusan ƙarni guda, musamman zamanin Sarki Ɗanbaskore. To amma ko a waɗannan yaƙe-yaƙe, doki da mashi da takobi da kibiya mai dafi su ne jigo. Bindigar wancan lokaci ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a danna tsumma, a sa harsashi, a sake dannawa, sa'an nan a yi fatan ƙanƙara ta ba da wuta. Kafin ɗan bindiga ya gama wannan hidima, ɗan baka ya saki kibiya da yawa. In damina ce albarushi ya jiƙe, sai ta koma sanda. Ba banza aka yi mata laƙabi da harba-ka-ruga ba. Ƙararta da hayaƙinta, masu firgita dawaki, sun fi saitinta amfani. Makamin da bai san inda harsashinsa zai sauka ba kuwa, ba a gwada gwaninta da shi.

Ana cikin haka Turawa suka yi wata ƙa'ida wadda ba a shawarci kowa a cikinmu ba. A watan Yuli na 1890 manyan ƙasashe suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Burasel, da sunan hana cinikin bayi. A ciki aka hana sayar da bindigogin zamani ga mutanen wani babban yanki na Afirka, wanda ƙasar Hausa ke cikinsa, amma aka bar ƙofa a buɗe ga bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Watau an yarda mu riƙe tsohon yayi, su su riƙe sabo. Sakamakon ya bayyana a 1903. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, a gaban igwa da bindiga mai ruwa. Da Gwamna Lugga ya iso Katsina a wannan shekara, ta Ƙofar 'Yanɗaka ya shiga, kuma Sarki Abubakar bai yi yaƙi ba.

Yanzu sai mu tsallaka Turai mu ga abin da ake yi da ƙaramar bindiga a daidai waɗannan shekaru. A 1896, shekara shida bayan taron Burasel, aka yi wasannin Olamfik na farko na wannan zamani a birnin Atens na ƙasar Girka, kuma harbi yana ciki. Wasu 'yan'uwa biyu daga Amurka, John Paine da Sumner Paine, suka zo da libarba ƙirar Colt. A gasar bindigar soja ta mita 25, John ya ci maki 442, Sumner 380, wanda ya zo na uku kuwa, Bagirke, 205 ya samu. Tazarar ta yi yawan da ba za a ce hannu kaɗai ya kawo ta ba. Makaman baƙin sun fi na masu gida. Amma a wata gasar ta mita 25 sai alƙalai suka duba bindigogin da 'yan'uwan suka kawo, suka ce faɗin bakinsu bai dace da ƙa'ida ba, suka hana su shiga. Bagirke Ioannis Frangoudis ya lashe ta. Tun daga ranar farko ke nan, matsalar wannan wasa ta fito fili: wa ya ci, mutum ko ƙarfe?

Domin warware wannan ne aka kafa ƙungiyar harbi ta duniya a birnin Zurik a 1907, wadda tun 1998 ake kira ISSF. Tarihinta, in aka taƙaita, tsere ne tsakanin maƙera da alƙalai. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Tarayyar Sobiyet. Suna da wani maƙeri, Mikhail Margolin, makaho ne, da lalube yake sanin ƙarfe, amma ya fitar da ƙaramar bindigar gasa da ta yi suna a duniya. Daga ƙirarsa aka fitar da wata wadda aka kife ta, aka mai da bututun ƙasa daidai da tsakiyar hannu, don kada bakinta ya riƙa ɗagawa sama in an harba. Da ita suka je Olamfik na Melbon a 1956, kuma Yevgeny Cherkasov ya zo na biyu a gasar harbin sauri. Ba a daɗe ba aka gyara doka: dole bututu ya kasance a saman hannu, kuma dole bindiga ta shiga cikin wani akwatin awo. Shi ke nan aka yi jana'izar wannan dabara. Ba wai haramun suka yi ba a lokacin, a'a, sun dai gano ramin da doka ta bari ne, doka kuma ta bi su ta cike shi.

Irin haka ta sake faruwa a 2005. Kafin nan masu harbin sauri, irin su Bajamushe Ralf Schumann wanda ya ci zinariya a 1992 da 1996 da 2004, suna amfani da gajeren harsashi marar ƙarfin naushi, da mariƙi mai lulluɓe hannu kamar safa, da kunama mai laushin gaske. Aka soke duka ukun a lokaci ɗaya. Maki ya faɗi, aka buɗe sabon littafin bajinta, tsofaffin gwanaye suka koma koyo.

Ya kamata in ɗan tsaya a kan yadda ake awon nan, domin a nan ne daɗin abin yake. Ɗauki bindigar iska ta mita 10, wadda ta shiga Olamfik a 1988. Faɗin bakinta milimita 4.5 ne. Nauyinta ba zai wuce giram 1,500 ba. Dole ta kwanta cikin akwati mai tsawon milimita 420, faɗi 200, zurfi 50. Sai kuma kunama, watau ɗan ƙarfen da yatsa ke ja: alƙali zai tsai da bindigar bakinta yana duban sama, ya rataya wa kunamar dutsen awo mai giram 500, ya ɗaga a hankali. In ta ɗauki dutsen ba ta tashi ba, ta ci. In ta tashi, laushinta ya yi yawa. A bindigar mita 25 dutsen giram 1,000 ne. Kuma ba a tsaya ga awon farko ba, bayan an gama harbi akan zaɓi wasu a sake gwada nasu, wanda ya faɗi a kore shi ko da shi ne kan gaba. Da hannu ɗaya ake harbi, a tsaye, ba jingina, ba abin da zai tallafi wuyan hannu, ba madubin hange a jikin bindiga, takalmi ma ba zai rufe idon sawu ba. Duk wannan don a sami wani ɗan da'ira mai faɗin milimita 11.5, wanda bai kai kwabo ba, sau 60 a jere. Alƙali yana da kati uku: rawaya na gargaɗi, kore na rage maki, ja na kora.

Da aka gama da ƙarfe sai aka koma kan jini, domin babban abokin gabar maharbi shi ne rawar hannu da bugun zuciya. Mutum na farko da aka taɓa kora a Olamfik saboda abin da ya sha shi ne Hans-Gunnar Liljenwall na Siwidin, a 1968, wanda ya kurɓi giya don hannunsa ya natsu kafin harbi. Ƙungiyarsu ta rasa lambar tagulla. A Beijin a 2008, Kim Jong-su na Koriya ta Arewa ya ci azurfa da tagulla, aka sami maganin rage bugun zuciya a jikinsa, aka karɓe duka biyun. Wanda ya san yadda ake duba naɗin hannun ɗan dambe kafin a shiga fage, don kada ya ɓoye wani abu a cikin zare, ya san hikimar. Kuma saboda an daidaita makami ne ake samun labari irin na Károly Takács na Hangare, sojan da gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938, ya koya wa hagu, ya ci zinariya a 1948 da 1952.

To, a nan ne nake ganin hanyoyin biyu suka rabu. Ƙa'idar fagen gasa an yi ta ne don kowa ya riƙe makami iri ɗaya. Ƙa'idojin da bindiga ta sadu da su a ƙasarmu kuwa, daga ta fada zuwa ta Burasel, an yi su ne don kada a riƙe iri ɗaya. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, wadda aka yi ana saura shekara ɗaya Turawa su tafi, ta gaji wannan tsari. Ta kasa bindigogi gida uku. Adaka da sauran masu ɗurin baki suna ƙasa, kwamishinan 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Bindigar farauta da ta iska suna tsakiya, sai da izinin Sufeto Janar. Libarba da fistol kuwa, har da mai ƙanƙara, an sa su aji ɗaya da igwa da bam da bindiga mai ruwa, sai da izinin shugaban ƙasa. Ba ina cewa dokar ba ta da hujja ba ne; Ingila ma ta hana mutane riƙe ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane, har 'yan wasanta suka riƙa fita ƙasashen waje don yin atisaye. Bambancin shi ne su wasan ya riga ya kafu kafin hani ya zo, mu kuwa hani ne ya riga wasa.

Wani zai ce ai wasan Turawa ne, shi ya sa bai karɓu ba. Katsina da kanta ta ƙaryata wannan. Folo ma baƙo ne, da littafin dokokinsa ya zo, da awon sanda da alƙalai a kan dawaki. Amma da Sarki Muhammadu Dikko ya kawo shi a shekarun 1920, Katsinawa suka rungume shi, har ɗansa Sarki Usman Nagogo ya zama gwanin da aka sani a ciki da wajen ƙasar nan. Doki ba wanda ya ji tsoron barinsa a hannun ɗan ƙasa.

Abin da ya rage mana na bindiga a bainar jama'a shi ne na ranar hawan Salla, inda 'yan bindigar sarki ke cika adaka da albarushi ba harsashi, su ɗaga sama su saki, ƙasa ta girgiza, mata su yi guɗa. Gwani a cikinsu shi ne wanda tasa ta fi ƙara, kamar dai yadda take a zamanin Ɗanbaskore. Sunan nasu ma yanzu an ƙwace shi. In aka ce 'yan bindiga a rediyo, ba wanda zai tuna da bayin Babba Zaki ko masu rakiyar sarki. Waɗanda suka addabi Jibiya da Batsari ake nufi, waɗanda suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020. Su bindigogin da suke riƙewa suna cikin ajin farko na dokar 1959, ajin da ba ya halatta sai da sa hannun shugaban ƙasa. Manomin da suke tararwa a gona kuwa, in ya yi sa'a yana da lasisi, na aji na uku ne.