Abin da ya sa Mario yake da gashin baki

Muna yara a Fagge, akwai wani shago a bakin layinmu inda ake biyan kuɗi a buga gem. Talabijin ce mai ƙusumbi, da kaset ɗin da sai an hura masa iska kafin ya kama. Na shekara nawa ina tuƙa ɗan mutumin nan mai jar hula, ban taɓa tambayar wanda ya zana shi ba. Sai da na fara koyon zanen gem da girmana na gane cewa ko gashin bakinsa da dalili.

Shigeru Miyamoto ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Nintendo na Japan, cikin wasan Donkey Kong na 1981. Filin da ya samu ɗigo 16 ne a tsaye, 16 a kwance. Ina za ka sa baki a nan? Sai ya rufe wurin da gashin baki. Sumar kai kuwa dole ta motsa in mutum ya yi tsalle, sai ya kifa masa hula ya huta. Wandon kanikawa mai igiya a kafaɗa kuma don a rarrabe hannu da gangar jiki ne idan yana gudu. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, amma wannan uwar ɗakin ta zaga duniya.

A zamanin, aikin daga takarda yake farawa, mai gida-gida irin ta littafin lissafi. A kanta Tomohiro Nishikado ya zana dodannin Space Invaders na 1978, masu kama da ƙaguwa da sauran halittun teku. Haka ma Super Mario Bros. na 1985: a takarda aka tsara kowane mataki, gida bayan gida, sannan aka miƙa wa masu rubuta manhaja su shigar. Wasan gaba ɗayansa kilobait 40 ne, hoto guda na wayarka ya ninka shi sau da yawa. Saboda ƙarancin wurin, gajimaren sama da tsiron da ke ƙasa zane ɗaya ne, an dai shafa wa wannan fari, wancan kore. Ranar da na ji haka sai da na koma na duba, na yi ta dariya ni kaɗai. Launi ma uku kacal aka yarje wa kowane ɗan mutum.

Da na nuna wa kawuna mai ɗinkin hula irin waɗannan zanuka, bai ga abin mamaki ba. Cewa ya yi, "Ai ƙirge ne, ɗana. Ka ɓata ɗaya, ka ɓata fure." Ban ji malamin da ya fi shi bayyana sana'ar ba.

Sauƙi ya fara zuwa a 1985, da manhajar Deluxe Paint ta Dan Silva ta fito a kwamfutar Amiga, mai zane ya riƙa ganin aikinsa nan take. Wasu kuma suka ɓullo da tasu dabarar. Jordan Mechner ya ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu yana tsalle, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana kwafa, shi ya sa yariman Prince of Persia na 1989 yake tafiya kamar mai jini a jika.

Da PlayStation ta fito a 1994 sai aka raja'a kan siffofi masu tudu da kwari, aka ɗauka zanen ɗigo ya mutu. A ganina yawancin wasannin farko na wancan yayin sun tsufa da muni, na ɗigo kuwa har yau suna da kyan gani. Eric Barone ya tabbatar da haka: shi kaɗai ya koya wa kansa zanen, ya shafe sama da shekara huɗu yana zanawa yana gogewa, kafin ya saki Stardew Valley a 2016.

Yaran da ke zuwa wurina suna kukan ba su da babbar kwamfuta, littafin lissafi nake miƙa musu da fensir kala uku. In ce su zana min mai shayi a gida 16 sau 16, yadda kowa zai gane shi ba tare da an faɗa masa ba. Ni nawa na farko sati biyu ya ci, kuma matata cewa ta yi tukunya ce.